Inna tace a daina bata maganin tsinka jini a kira wanzami, ya zanyi?

Wannan saƙon wata baiwar Allah ce ta turo min daga Tudun Wadan Zariya, na ɗan rage tsawonsa amma maganarta ce:

"Anti Nas salamu alaikum, dan Allah ki taimaka min kaina ya kulle. Ƙanwata ce ta haihu da tiyata yau sati biyar, tana wankan gida wajen Innarmu. Kwana goma da haihuwa ƙafarta ta hagu ta kumbura tun daga sha-raɓa har cinya, muka kaita asibiti akayi sikanin akace gudan jini ne a jijiya. Anyi mata allurai a ciki na sati ɗaya, aka sallame mu da wata ƙwaya wai ita wafarin, akace mu dawo gwajin jini bayan sati, bamu samu komawa ba saboda mijin baya gari kuma kuɗi sunyi wuya. Kwana huɗu da suka wuce tayi zawo da ciwon mara, ƙaninmu ya karɓo mata Flagyl da diclofenac a kemis. Yanzu in tayi aswaki sai jini, ga wani wuri yayi baƙi a damtsenta kuma bata buge ba. Wata maƙwabciya tace wa Inna wai maganin ɓera ne ake bata, Inna tace a daina a kira wanzami yayi mata ƙaho ya zuƙe mataccen jinin, Goggo kuma ta dinga tausa ƙafar wajen wanka. Tana shayarwa. Ni nake bata maganin kuma ban iya musu da Inna ba. In daina?"

Wa alaikumussalam ƙanwata. Allah ya raya abinda aka samu, maijego kuma Allah ya tashi kafaɗunta. Bari in fara da abinda baya jiran gobe, sauran bayanin ko a cikin keke kika karanta ya isa. Yau ɗin nan ku kaita asibiti a ɗibi jininta ayi gwajin nan da kuka tsallake, sunansa INR, ki rubuta haruffan nan uku a takarda dan kar ki manta. Diclofenac ɗin kar ta ƙara shan ko ƙwaya ɗaya, Flagyl ɗin ma ki riƙe shi a jakarki kar ki ƙara bata sai likita ya gani. Shi kuma wafarin da kika tambaye ni ko ki daina, ba ke zaki yanke wannan ba, ba Inna ba, ni kaina daga nan inda nake zaune bazan iya yankewa ba, lambar da gwajin ya fitar ita zata gaya wa likita ko a tsallake na yau ko a rage ko a ci gaba yadda ake. Shi yasa nake so ku tafi da rana tun kafin lokacin ƙwayar dare yayi. In kuma dare ya riske ku baku samu anyi ba to kar ki miƙa mata ƙwayar a makance, kar kuma kice shikenan an daina, emajensi baya rufewa, ku wuce can. Asibitin da suka kwantar da ita shi yafi, tunda fayil ɗinta na wajensu, in bai yiwu ba asibitin koyarwa na Shika suna da sashen jini, in kuma Gambo Sawaba ta Ƙofar Gayan ce tafi muku kusa ku fara da nan likita ya ganta ya gaya muku inda za'a yi gwajin.

Kafin ku fita ki shiga ɗaki ki rufe ƙofa ki tambayeta tsakaninku, dan maijego mai haihuwar fari kunya bata barinta ta faɗi komai a gaban Inna. Jinin biƙi ya dawo da ƙarfi bayan ya ɗauke? Tana jiƙa ƙunzugu cikin awa ɗaya, ko guda-guda manya na fita? Fitsarinta yayi ja ko kalar shayi ba madara? Bayan gidanta yayi baƙi ƙirin mai danƙo kamar kwalta, da wari na daban? Nan ki lura, in tana shan ƙwayar ƙarin jini ita ma tana sa bayan gida yayi baƙi, amma nata baya danƙo baya wannan warin, in kin kasa bambancewa ki ɗauka mai haɗarin ne kawai. Ki tambayi ciwon kai mai tsanani da bata saba ba, jiri, gani biyu-biyu, amai da jini, ko ta taɓa zamewa a banɗaki ta bugi kai ko da bata ji ciwo ba. Ki duba wajen ɗinkin tiyatar ko ya kumbura ko yana tsattsafo jini. Ko ɗaya daga cikin waɗannan in akwai, ba layin kati zaku bi ba, emajensi kai tsaye, kuma kalmar farko da zata fito bakinki a ƙofa itace tana shan wafarin. Haka in numfashi ya fara mata wuya, ko ƙirji ya soke ta, ko tayi tari da jini, wannan ɗaya gefen haɗarin ne, wataƙila gudan ƙafar ne ya ɓalle ya tafi huhu.

Yanzu ki bani hankalinki in gaya miki abinda nake ganin ya faru, dan in kika gane shi ke zaki iya fahimtar da mutan gida. Sunan ma da muke kiran maganin da shi yana tsorata mutane, ana cewa tsinka jini uwa zata ji gabanta ya faɗi, alhali ba ruwa yake mayar da jini ba, kuma ba narkar da gudan yake ba. Hanta ce take haɗa wasu sinadarai da suke sa jini ya daskare in an ji ciwo, kuma sai da bitamin K take iya haɗa su. Wafarin yana tare hanyar bitamin K ɗin ne, sai daskarewar ta zama a hankali, gudan da ke ƙafar ya daina girma, wani sabo kar ya haɗu, jiki da kansa ya dinga cinye tsohon a hankali cikin satittika da watanni. Kuma baya kama aiki ranar da aka fara, yakan ɗauki kamar kwana biyar, shi yasa kika ga an haɗa mata da allurar ciki a satin farko, allurar ce take riƙe da ita kafin ƙwayar ta kama. INR ɗin nan awo ne na yadda jinin ke jinkirin daskarewa. Mai lafiya da baya shan komai nasa wajen 1 ne. Mai gudan jini a ƙafa ana so nata ya zauna tsakanin 2 da 3. Ƙasa da 2 maganin bai isa ba gudan zai iya ƙaruwa, in ya haura 4, 5 zuwa sama jini ne zai fara neman hanyar fita. Kinga hanya ce siririya kamar kan katanga, kuma ba'a gane inda mutum yake da ido, ba'a ganewa da yadda yake ji a jikinsa, sai an auna.

To ita ƙanwarki abu uku ne suka taru mata lokaci ɗaya. Flagyl yana hana hanta fitar da wafarin daga jiki, sai ya taru kamar ta sha ninki. Zawo da rashin cin abinci suna rage bitamin K, wannan ma ya ƙara wa maganin ƙarfi. Diclofenac kuma yana cin bangon ciki yana kuma raunana ƙwayoyin jinin da suke fara toshe ciwo. Jinin dasashin nan da baƙin damtsen nan jikinta ne yake muku magana tun da wuri, ku gode wa Allah da kuka gani a waje. Na taɓa karɓar wani dattijo a wajen aiki shekarun baya, yana shan wafarin saboda zuciya, haƙori ya dame shi aka karɓo masa irin wannan haɗin a kemis, kwana biyar aka kawo shi tafin hannunsa fari fat kamar takarda, 'ya'yansa uku a layi cikin dare ana ɗiban jininsu. Ya tashi da ikon Allah, amma abinda aka kashe a daren nan ya isa gwajin shekara guda.

Ƙaninku ba laifinsa bane, taimako yaje yi. Amma daga yau ki kafa doka a gidan, babu maganin da zai shiga bakinta sai wanda ya san tana kan wafarin ne ya rubuta. Ba Flagyl kaɗai ba, Septrin ma haka, da cipro, da fluconazole da mata ke sha na ƙaiƙayin gaba, duk ƙara masa ƙarfi suke. Ibuprofen, Feldene, asfirin, da ƙullin maganin ciwon jiki da ake haɗawa a leda ba'a san me ke ciki ba, duk babu. Wasu kuma rage masa ƙarfi suke, kamar rifampicin na tarin fuka da wasu magungunan farfaɗiya. In ciwo ya dameta farasitamol ne nata, shi ma ba ta wuni tana sha kwana da kwanaki ba tare da likita ya sani ba. Allurar ɗuwawu ma da mai kemis ke yi kar a yarda, jini zai iya taruwa a cikin naman. Jiƙe-jiƙe da sassaƙe da tsimi da haɗin 'yan islamik kemis ku ajiye su gefe har a gama, ba raina su nayi ba, ba wanda zai iya gaya miki yadda zasu haɗu da wafarin a cikin hanta.

Sai maganar maganin ɓera. Kar kije kice wa Inna ƙarya ne, dan maƙwabciyar bata yi ƙarya ba, rabin labarin kawai ta sani, kuma ranar da Inna ta gane kin ɓoye mata bazata ƙara yarda da ke ba. A shekarun 1920 shanu suka dinga mutuwa da zubar jini a arewacin Amurka da Kanada bayan sun ci wata ciyawa da ta ruɓe, masu bincike a jami'ar Wiskonsin ƙarƙashin wani malami Karl Link suka gano sinadarin da ke ciki, daga nan aka haɗa wafarin. A 1948 aka fara sayar da shi na kashe ɓera, a 1954 aka amince a ba mutane da awo, a 1955 shugaban Amurka na lokacin Eisenhower ya sha shi bayan ya samu bugun zuciya. Tun daga nan shekara saba'in kenan ana ba mutane a duniya. Ɓera ci yake ba awo har jini ya kashe shi, mutum kuma ana bashi 'yar ƙwaya ana auna jininsa. Ki gaya wa Inna haka da bakinki, kice mata abinda ya raba magani da guba shine gwajin nan, kuma shi muka tsallake.

Kuma ki sani Inna ba gaba ɗaya tayi kuskure ba. Ta ga jini a bakin 'yarta ta gane akwai matsala, ta ma riga ku gani, inda aka rabu shine mafita. Ƙaho fata yake tsagawa ya jawo jinin da ke kusa da sama, shi kuma gudan nan yana can cikin babbar jijiya ƙarƙashin tsoka inda ƙaho baya kaiwa ko da wanzami goma aka kira, baƙin jinin da kike gani a cikin ƙahon jini ne da ya daskare bayan ya fito. Abinda zai faru kawai shine a tsaga jikin wadda jininta baya tsayawa. Nasan wani zai ce ai ƙaho sunna ne, ba wanda ya musa, amma ko masu yin hijama da suka san aikinsu suna tambaya ko kana shan maganin tsinka jini kafin su taɓa ka, kuma duk malamin da kuka tambaya bazai ce a yanki mai wannan halin ba. Haka tsaga, haka sakiya.

Tausar Goggo ita tafi tayar min da hankali wallahi, dan ita ce wadda za'ayi da kyakkyawar niyya a bayan ɗaki ba wanda ya gani. Jijiyar ƙafa hanya ce da take komawa zuciya, daga zuciya ta wuce huhu. In aka matsa gudan ya ɓalle, can zai je ya toshe. Akwai wata yarinya da bana mantawa, haihuwar fari ita ma, ƙafar ta saɓe bayan sati uku da fara magani, tana takawa lafiya lau, mutan gida suka ce ai ta warke me za'a ci gaba da kashe kuɗi, aka daina, kakarta ta ci gaba da gasa mata ƙafar tana murzawa da man zafi. Wata safiya ta fito daga wanka ta zauna bakin ƙofa tace numfashinta baya kaiwa, kafin a samo mota a iso da ita leɓenta ya canza kala, muka sa mata iska muka yi duk abinda muka iya. Jaririn na hannun ƙanwarta a baranda yana ta kuka, ni na fita na gaya musu. Har yau in na ga maijego da ƙafa ɗaya a kumbure ita nake tunawa. Saɓewar ƙafa ba warkewa bace ƙanwata. Irin wannan maganin aƙalla wata uku ake sha, wani lokacin fiye, kuma likitan da ya fara shi ne zai ce an gama.

Ban ce a hana Goggo wankan jego ba, in kika ce haka kin ɓata da dangi a banza. Ki roƙeta a sassauta. Ruwa mai ɗumi wanda hannunki zai iya zama a ciki, a zuba a hankali, banda fyaɗa ganye a jiki dan duk inda aka fyaɗa jini zai kwanta, banda matsa ciki ga mai ɗinki, ƙafar hagu kuma ruwa kawai zai bi ta kai ba murza ba gashi. Ki dinga shiga kina riƙeta dan santsin banɗaki, faɗuwa ɗaya ta bugi kai ga mai shan wafarin ba ƙaramin abu bane. Kunun kanwa kuma a rage sosai ko a barshi, kanwa gishiri ce a jiki tana tara ruwa tana hawar da jini, kuma a nan Zariya ɗin likitocin asibitin koyarwa na ABU suka yi ta rubutu tun shekarun 1970 akan ciwon zuciyar masu jego da alaƙarsa da kanwa da zafin da ake gasa su da shi. Kunun gyaɗa da na tsamiya da ruwa mai yawa sun isheta nono. Kar kuma a barta kwance wuni guda da sunan hutu, zaman wuri ɗaya shi ke haɗa gudan tun farko, ta dinga zagaya tsakar gida, in ta zauna a ɗora ƙafar kan filo.

Yadda zaki yi da Inna kuwa, kar ki tsaya musu a tsakar gida gaban maƙwabta, uwa bata son a nuna 'yarta ta fita sani. Ki sameta ita kaɗai ki durƙusa kice Inna kin yi gaskiya jinin nan ba lafiya ba, ki taimaka ki raka mu likita ya gani, in yace a daina a gabanki sai a daina. Ku tafi tare. Ki ja nas ɗin gefe ki roƙeta tayi wa Inna bayani da Hausa, abinda kika faɗa sau goma bata ji ba in mai farin kaya ta faɗa sau ɗaya zai zauna. Sannan ki bata aiki a hannu, kice ita zata dinga lura da jinin biƙi da abinda maijego ke ci, dan wanda aka ba amana baya zama abokin faɗa. Mijin kuma ki tura masa saƙon murya yanzu, ba kewaye-kewaye, kice matarka na buƙatar gwajin jini yau kuma za'a dinga maimaitawa, farko-farko duk sati ko ma fiye, in lambar ta zauna sai a dinga tazara. In da gaske babu, ki faɗa wa likita babu, kar kunya ta sa kuce to ku fita ku ɓace, akwai yadda suke tsara ranakun ya zo da sauƙi, kuma a dangi ba'a rasa wanda zai ɗauki kuɗin keke.

Tunda ke ce mai bada maganin, ki sayi littafin rubutu irin na 'yan firamare ki ja layi. Kwanan wata, miligiram nawa ta sha, ƙarfe nawa, lambar INR in anyi, da duk abinda kika gani. Lokaci ɗaya kullum, ni nafi son bayan sallar isha'i saboda ba'a mantawa, kuma in anyi gwaji da rana likita ya canza awo a daren za'a fara. Ke kaɗai ki dinga bayarwa, dan a gidan yawa ne zaki ga Inna ta bata ke ma kin bata. In an manta aka tuna a daren a sha, in har gari ya waye a barshi a rubuta an manta, kar a haɗa biyu. Duk sanda aka sayo sabo ki karanta lambar da ke jikin kwalin, akwai mai miligiram 1 akwai mai 5 da wasu a tsakani, kuma kala tana canzawa daga kamfani zuwa kamfani, kar ki dogara da cewa ai 'yar ja ce. Ki ɓoye shi sama inda yara basa kaiwa. Ki ari tef ɗin tela ki dinga auna sha-raɓar a wuri ɗaya duk safiya ki rubuta, in tana ƙaruwa ko ɗayar ta fara, ku koma. Ki kuma yanki kwali ki rubuta tana shan wafarin da lambar wayarki ki saka mata a jaka.

Abinci kar ki takura mata. Zaki ji ana cewa mai wafarin baya cin ganye, ba haka bane. Ganye kore irin su zogale, alayyahu, rama, kabeji da latas suna da bitamin K, in ta ci da yawa lokaci ɗaya maganin zai yi rauni, in ta daina kwata-kwata zai yi ƙarfi. Abinda ake so ta ci yadda ta saba, kar yau a cika mata kwano da kwaɗon zogale safe da yamma wai ƙarin jini sannan sati mai zuwa babu ko ɗaya. Yajin jego ɗan barbaɗawa ba komai, amma banda dafa citta da tafarnuwa ana bata kofi-kofi. Aswakin nan mai tauri ta ajiye, ki saya mata buroshi mai laushi. In hunturu ya shigo hanci na bushewa, ta dinga shafa ɗan Vaseline a ciki, in haɓo ya zo ta zauna ta sunkuyar da kai gaba ta matse wajen taushin hancin minti goma cur ba sakewa, ba ɗaga kai sama ana zuba ruwa a ka ba, in bai tsaya ba asibiti.

In lambar ta fito ƙasa likita zai iya mayar da ita kan allurar ciki na 'yan kwanaki, irin su Clexane, kuma wataƙila ke za'a koya wa. Ba wuya. Gefen ciki, nesa da cibiya kamar faɗin yatsu uku kuma nesa da ɗinkin, ki tattaro fata da yatsu biyu, ki soka a tsaye, ki tura a hankali, 'yar iskar da ke cikin sirinjin kar ki fitar da ita haka aka yi shi, in kin zare kar ki murza wajen, gobe ki koma ɗaya gefen. Murzawar ce take kawo baƙin tabon nan. In kuma lambar ta fito sama sosai suna da makarinsa, bitamin K ne, in abin yayi tsanani su ƙara da ruwan jini, dan haka kar ki shiga da fargaba.

Nono ta ci gaba da bayarwa hankali kwance, wafarin baya cutar da jariri ta nono, shi yasa ma aka zaɓa mata shi. Zaki ji wani yace akwai sababbi irin su Xarelto da basa buƙatar yawan gwaji, gaskiya ne akwai, amma ba'a ba mai shayarwa, ga tsada, kar wani ya canza mata a kemis. Inda wafarin yake da haɗari shine ciki, yana taɓa halittar jariri musamman daga sati na 6 zuwa na 12, lokacin da mace da yawa bata ma san ta ɗauka ba. Ita kuma ga arba'in saura kwanaki ta koma ɗakinta. Wannan maganar ke zaki yi mata dan Inna bazata yi ba, kuma shayarwa kaɗai ba abin dogara bace. Ku tambayi likita hanyar tazarar haihuwa da ta dace da ita tun kafin ta koma, a gaya wa masu bayarwa tayi gudan jini dan ƙwayar da ke da sinadarin istirojin ba tata bace, tana ƙara kawo gudan. Duk cikin da zata yi nan gaba kuma ta fara awo da wuri ta faɗa musu tun ranar farko, akwai allurar da ake ɗora irinsu a kai.

Ki tattara kwalin wafarin, ragowar Flagyl da diclofenac ɗin, ƙwayar ƙarin jini, takardar sallama da ta sikanin, duk wani jiƙo da aka taɓa bata ko a gora ne, ki zuba a leda ɗaya. Ku ɗauki keke ko mota, banda mashin. Ku tafi da jaririn da zani na canji ko za'a ce ta kwana. In kun fito ki turo min lambar da ta fito da abinda likita yace, ki kuma gaishe min da Inna da Goggo da kyau, ina nan ina jiran saƙonki.